Cokali Ɗaya na Man Shanu

…kuma kada ka ɓata mini rai, Lalan, ai na san halinka. Ko da labule a ja, ina jin ka a bayansa kana sansana kwanon. Eh, ba ita ba ce. Ba madarar da ka saba ba ce, na faɗa maka tun jiya, na sake faɗa maka ɗazu ina yi maka wanka, ban ɓoye maka komai ba. Madarar waken suya ce. Wake! Ni Jasu, jikar masu shanu ta wajen uwa, yau na dafa maka kunun shinkafa da ruwan wake, kai Krishna, abin bautata. Ka ci dai. Minti ashirin gare ka kamar kullum, ni kuma ga ni a kujerata da carbina, ba zan leƙa ba. Shekara hamsin da biyu muna garin Leicester ɗin nan ni da kai, ka taɓa kama ni ina leƙenka kana cin abinci?

Sha biyu saura ashirin. Sha biyu ta ce za ta zo, ita kuwa ba ta latti, ba ta ɗauko uwarta ba.

Kinjal na zuwa, Lalan! Jikata, 'yar Falguni 'yata, za ta zo ta buɗe hannu ta karɓi prasad, ragowar abincinka mai albarka. Ka ji yadda ƙirjina yake yi? Kamar wata amarya, tsohuwa da ni, da gwiwa ɗaya da rabi. Shekara biyu da wata bakwai rabon da abin da ka ci ka rage mana ya taɓa harshenta. Yarinyar da tun ba ta yi haƙori ba nake ɗiga mata shi da ɗan yatsa… Gobe kuma jirgin ƙasa ya tafi da ita can arewa, Scotland, wai ta samu aikin likitan dabbobi a wani ƙauye da ban iya faɗin sunansa ba. Idan ba ta ci yau ba, yaushe? Ni ba na ƙirga wa kaina shekaru da yawa. To ka yi haƙuri da wake na rana ɗaya, kai da ka taɓa cin ƙasa kana yaro.

Ranar da ta fara ƙi kuwa gidan nan cike yake, washegarin Diwali, bikin fitilu, takalma sun toshe ƙofa har waje. Ina bin layi da faranti ina sa wa kowa a hannu, na iso kanta, sai ta mayar da hannuwanta baya. Baya fa, Lalan, a gabanka.

«Nani, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba.»

Ba za ki iya me ba? Guba na miƙo miki? Sarojben kuwa, ƙawata ce amma bakinta ba ya hutu, ta ɗaga murya yadda har na kicin za su ji: «Tabɗi! Yaran yanzu sun fi Krishna tausayin saniya.» Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ji kunya, na ji haushi, kwana goma sha ɗaya ban ɗaga wayar yarinyar nan ba. Kai ma shaida ne, a gabanka na zauna ina ta ƙorafi, ban bar ka ka yi barcin rana cikin kwanciyar hankali ba.

Saura minti goma sha bakwai. Kana ci kuwa? Ban ji motsi ba. To yaushe na taɓa jin motsi…

Kinjal ce ta fara zuwa neman shiri. Ta zauna a ƙasa a nan wurin, ta jawo ƙafata ta ɗora a cinyarta tana shafa mini mai, ba ta ko kalle ni ba. Makaranta ce ta tura su wata gonar madara, wata shida. Ta ce kwana ɗaya ake barin maraƙi da uwarsa, wani lokaci ko kwanan ba ya cika. Ta ce akwai wata saniya da ta yi kwana uku tana kira a bakin shinge har muryarta ta dishe, ita kuma Kinjal aikinta ta duba hantsar ta rubuta. Ba su da suna, lamba ce a kunne. Ranar da nono ya ja baya, babbar motar mahauta ta zo. «Nani, ku ne fa kuka koya mini cewa saniya uwa ce. Ni ban ƙirƙiro komai ba.» Na ce mata ta rage danna mini idon sawu, yana zafi. Abin da na samu na faɗa ke nan.

Kabri — sunan tamu saniyar ke nan, mai dabbare-dabbare, a ƙauyen kakata kusa da Porbandar, can ƙasar kakanninmu, shekarar da aka aiko ni daga Jinja, garin da aka haife ni, in koyi zama mace. Maraƙi ne yake fara sha. Sai ya sha ya ture, kakata ta tsuguna ta tatsi biyu ta bar masa biyu, tana yi wa saniyar hira kamar maƙwabciya. Da Kabri ta tsufa ta daina ba da ko ɗigo, shekara shida tana cin ciyawarmu a banza, ba wanda ya ce uffan. A gindin dalbejiya ta mutu, aka lulluɓe ta da jan zane, kakata ta yi kuka har ta kasa girki. Wannan madarar ce a kaina duk shekarun nan, Lalan. Duk safiya in na zuba maka, Kabri nake gani. Ashe kwalba nake zubawa.

Kwalba a bakin ƙofa, sanyin farko da muka yi a ƙasar nan, tsuntsaye sun huda murfin sun sha man sama. Kai kana cikin rigata muka sauka daga jirgi da aka kore mu daga Jinja, ɗan tagulla da bai wuce tsawon yatsa ba, surukata ta ce duk abin da za a ƙwace a hanya a ƙwace, ban da kai. Mijina marigayi Rasiklal ya ɗauko kwalbar yana juya ta yana dariya: «Jasu, zo ki ga ƙasa! Ba ka ganin saniya, amma nono na zuwa ƙofa da ƙafarsa.» Muka yi ta murna. Ban taɓa tambayar ko na wace ce ba. Wa ke tambaya, da yara biyu da sanyi da aikin masaƙa?

Ba wai na yarda da ita duka ba ne fa, kada ka ɗauka an juya ni. Kai makiyayi ne. Waƙoƙinka duk nono ne da kindirmo da man shanu, in an cire su me za mu rera? Na faɗa mata haka. Ta ce, «To Nani, shanunsa ya taɓa sa su a mota?» Bakin yarinyar nan… ni ta ɗauko, ba sai an faɗa mini ba. Falguni ta ce akwai gonar masu bauta kusa da Landan inda ake tatsa da hannu kuma ba a yanka ko ɗaya, ta sa sunanmu a layi. Har yau muna layi.

Saura sha uku.

Cikina ma ya shiga maganar ba a gayyace shi ba. Kumburi, ƙugi, in ina tsakiyar waƙa a haikali sai ya amsa mini amshi. Likitata, wata yarinya 'yar Kerala mai dariya da ido, ta ce, «Anti, jikinki ya gaji da madara, ki gwada ta suya, ki nemi wadda aka ƙara wa abin ƙarfafa ƙashi.» Da Sarojben ta ji sai ga saƙonni a waya, safe da rana: waken suya na kawo maƙoƙo, waken suya na sa maza su fito da nono, wani mutum a Amurka ya sha ya koma kaza. Na kai wa likita wayar gaba ɗaya na ce ta karanta. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce in dai bar 'yan awoyi tsakaninsa da ƙwayar da nake sha da safe, shi ke nan. Sarojben kuwa da take wannan wa'azin, ranar bikin jikanta faranti biyu na awara ta share, tana cewa cukun bana ya yi laushi. Ban gaya mata ba. Ina ajiye da shi sai ranar da ta ƙure ni.

Amma sha na daban, ba ka daban. Ni ban taɓa sa abu a baki ba sai ka riga ni, to yaya zan yi? Na je wurin mai hidimar haikali, dattijo, ya san littattafai. Ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. «Jasuben, wake ne fa. Ranar azumi kam ba ya shiga, ko an kira shi madara.» Na ce na sani, na duba kalanda, Alhamis ba azumi. Sauran ranaku fa? Sai ya ce, «Ki tambayi mai ci.» Ka ji malami! To na tambaye ka. Ba ka ce a'a ba.

Da na kira ta shekaranjiya, sai da ta sa na maimaita.

«Da madarar suya, Nani? Ke?»

«Ni. Ko akwai wata Nani?»

«Babu komai na saniya a ciki?»

«Ko ɗigo. Ki zo da yunwarki.»

Na ji tana jan hanci. Ta ce mura ce. Mura a watan Yuni!

Oh, Lalan, daɗi nake ji, daɗi sosai, har carbin ma na manta inda na tsaya. Abu ɗaya ne ke ɗan damuna: ban san ɗanɗanonsa ba. Ba a ɗanɗana maka abinci, ba a taɓa yi ba, mai girki ba ta sa harshe a abin da za ta kai gabanka. Da madarar saniya ba na buƙatar harshe, hannuna ya sani, hancina ya sani, shekara sittin. Wannan kuwa baƙuwa ce. Kumfa take yi kamar sabulu, ka juya baya kaɗan ta kama gindin tukunya, ga wani ɗan warin ɗanyen wake da sai da na yi ta lallashi. Amma na iya da ita. Na rage wuta. Na tsaya a kanta minti arba'in da gwiwar nan ina juyawa, ban zauna ba. Shinkafar ta narke yadda kake so. Sukari ludayi biyu da rabi. Zafaran na ƙara fiye da kullum, na jiƙa shi tun safe, launin ya fito kamar rigarka ta ranar biki. Kashu da zabibi kuwa, ka gan su ai, na soya su suka yi ja, zabibin ya kumbura ya yi ɓul-ɓul a cikin —

A cikin…

A cikin me na soya su?

A'a. A'a, a'a. Tsaya. Ƙaramin kasko, na ɗora shi a wutar baya. Na miƙa hannu sama, kanta ta biyu, gefen dama… gwangwanin. Murfin ya yi ƙara, na ji shi, har yanzu ina jin shi. Cokali ɗaya, na kankare shi da yatsa, ya narke, ƙamshi ya tashi, har na ce a raina kai, yau girki ya yi kyau —

Man shanu. Wayyo ni Jasu. Man shanu na zuba!

Kwana uku ina shiri. Na karanta bayan kwalin madarar da tabarau biyu. Na sayi sabuwar tukunya don kada tsohuwar ta riƙe wani abu. Har sukari sai da na tambayi mai kanti yadda aka yi shi, ya kalle ni kamar na taɓu. Sannan hannun nan, wannan tsohon hannun da ba ya shawara da kowa, ya je ya ɗebo man shanu kamar yadda ya saba tun ina 'yar shekara goma. Ban ma yi tunani ba. Wa ke tunani kafin ya sa man shanu? Kamar a ce ka yi tunani kafin ka haɗiye yawu.

Kai ne! Kai ne, ɓarawon man shanu, na gane ka. Ka ji an ce wake, ka yi shiru kamar ka yarda, ashe ka san abin da ka shirya. Matan ƙauyenku sun rataye shi a sama ka hau kan abokanka ka sauke, ni tsohuwa mai kanta biyu zan gagare ka? Kana can bayan labule kana lashe yatsa, ni ina nan ina — kai, dariya ma nake yi, dubi, dariya da hawaye tare. Ba abin dariya ba ne, Lalan. Ba abin dariya ba ne ko kaɗan.

Saura shida.

In sake wani? Da me? Kwalin ya ƙare, na matse shi har ɗigon ƙarshe. Kanti yana can titin Belgrave, da sandata minti goma zuwa, minti goma dawowa, shinkafa kuma ba ta jin sauri. In tsince kashun? Man ya riga ya bi ko'ina, na gan shi da idona yana yawo a sama, ƙananan idanu masu ruwan zinariya, har na ji daɗin ganinsu, wawuya. A zubar kuma ba a zubarwa. Ya zama prasad, ganyen tulsi mai tsarki na kai, ka riga ka sa baki.

In yi shiru.

To… cokali ɗaya ne fa. A tukunya guda. In an raba, abin da zai shiga hannunta bai kai ƙwayar gero ba. Zafaran ya rufe, ba za ta ji ba. Za ta ci, ta rungume ni, ta tafi Scotland da daɗin bakinta, ni in mutu da abina a ciki. Wa aka cuta? Saniyar da aka tatsa an riga an tatse ta, shiruna ba zai ƙara mata komai ba, maganata ba za ta mayar mata da maraƙi ba. Shekara biyu da wata bakwai nake jiran yau. Ba ni da hakki ko na ƙwayar gero?

Ko ɗigo, na ce mata. Da bakina.

Tana 'yar shekara biyar, na shigo na tarar labulen nan yana motsi, ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙasa. Na jawo ta, kumatu cike da alewar madara. Na ce wa ya ci na Lalan tun bai gama ba? Ta girgiza kai, ta nuna ka da yatsa, bakin ba ya ko rufuwa. Na durƙusa na riƙe kafaɗunta na ce, Kinju, a gidan nan ana iya fasa kofi, ana iya yin faɗa, amma ba a yin ƙarya a gabansa. Ta fashe da kuka, alewar ta zubo a rigata. Ni na koya mata. Duk abin da yarinyar nan take yi mini yau, ni na koya mata, sai ka ce na ɗauki hayar kaina in wahalar da kaina.

In na faɗa kuma, ta mayar da hannu baya. A hankali, cikin ladabi, da «ba komai, Nani», wannan ba komai ɗin da ya fi mari zafi. Mu sha shayi baƙi, mu yi hirar jirgin ƙasa…

Makulli. Makulli ne a ƙofa. Ta yi sauri da minti biyu, ba na ce maka ba?

«Jai Shri Krishna, Nani! Ina tsohuwar take?»

Takalmi ɗaya, takalmi biyu. Famfo, tana wanke hannu, ba ta manta ba. Tashi, Jasu. Gwiwa, ki taimake ni yau kaɗai. Tafi uku, ƙararrawa, ka gama ko ba ka gama ba zan buɗe, Lalan, ka goge bakinka. Ga ka nan, ko kunya babu, da ɗan murmushinka. Ga kwano. Ga cokali.

Ta yi aski, ta rame kaɗan, ta sa koren gyalen da na ba ta. Ta sunkuya ta taɓa ƙafata. Ta durƙusa. Dama a kan hagu, tafin a buɗe, kamar ba a taɓa yin shekara biyun nan ba… ɗan tabon ƙuna na nan a gindin babban yatsa. Na ɗebo. Yana tururi. Tsakanin cokali da hannunta bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ba wanda ya sani sai ni da kai.

«Kinju… akwai man shanu a ciki. Cokali ɗaya. Hannuna ne ya zuba, ban sani ba sai yanzu.»

Na faɗa. Shi ke nan, na faɗa, bari in rufe ido kada in ga lokacin da —

Dariya take yi?

«Nani, tun daga bakin titi na ji ƙamshinsa. Har maƙwabta sun san kin soya kashu.» Idonta ya cika. «Jira nake in ji ko za ki faɗa. Zuba mini.»

Hannun bai janye ba. Yana nan. Ta ma ƙara matso da shi, ta cije leɓe kamar mai jiran allura. Za ta ci. Saboda ni za ta ci, ta haɗiye abin da ta rantse ba za ta ƙara ba, ta tashi ta ce ya yi daɗi. Abin da na roƙe ka ke nan safe da yamma, ka ba ni, ga shi a gabana a durƙushe — to me ya riƙe mini wuyan hannu? Lalan, me ke nan? Ashe ba na so ta lanƙwasa. Duk tsawon nan ina cewa taurin kai, taurin kai, ashe alfahari nake da ita ban sani ba…

«Nani, zai huce fa.»

Na sani, 'yar nan. Na sani. Ki ɗan ba ni minti ɗaya… cokalin ne ya yi mini nauyi.